Daphne Akhurst

Daphne Jessie Akhurst (22 ga Afrilu, 1903 – 9 ga Janairu, 1933), wadda ake kira Daphne Cozens bayan aurenta, 'yar wasan tanis ce 'yar ƙasar Ostireliya, kuma malamar kiɗa. Ta lashe gasar tanis ta ƙasar Ostireliya a ɓangaren wasan ɗaya-da-ɗaya na mata har sau biyar, a shekarun 1925, 1926, 1928, 1929 da 1930. Idan aka haɗa da wasan bibbiyu, ta ɗauki kambu 14 a wannan gasa tsakanin 1924 da 1931. A shekarar 1928 ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar Wimbledon da ke Landan, aka sanya ta a matsayi na uku a jerin matan da suka fi iya tanis a duniya. Ta rasu tana da shekara 29 sakamakon cikin da ya zauna mata a wajen mahaifa. Kofin da ake miƙa wa macen da ta lashe gasar Australian Open a kowace shekara yana ɗauke da sunanta tun daga 1934.

Suna

Ana furta sunanta na farko kamar "Dafni", domin haruffan "ph" a rubutun Turanci sautin "f" suke bayarwa. Asalin sunan daga harshen Girkanci ne, inda yake nufin wata bishiya mai ganye kore shar wadda mutanen Girka na dā suke kitsa ganyenta su ɗora a kan wanda ya yi nasara a gasa. A jadawalin wasanni na kafin 1930 ana samun ta da sunan mahaifinta, Akhurst. Daga 1931 kuwa jaridu sun koma rubuta ta da sunan mijinta, Cozens, kamar yadda al'adar Turawa take. Wannan ya sa mai bincike zai iya ɗauka mata biyu ne, alhali mace ɗaya ce.

Haihuwa da karatu

An haifi Daphne a unguwar Ashfield da ke yammacin birnin Sydney, a jihar New South Wales. Ita ce 'ya mace ta biyu a wurin mahaifinta, Oscar James Akhurst, wanda ma'aikacin ɗab'i ne mai buga zane da hotuna, da mahaifiyarta Jessie Florence. Tun tana ƙarama aka gano tana da baiwar kaɗa piyano, har ta riƙa cin kyaututtuka a gasar kiɗa ta yara.

Ta yi karatu a makarantar 'yan mata ta Normanhurst da ke Ashfield, sannan ta wuce babbar makarantar koyon kiɗa ta jiha da ke Sydney. Bayan ta kammala sai ta kama aikin koyar da kiɗa, tana kuma kaɗa piyano a tarurruka da ƙungiyoyin masu sha'awar kiɗa. Wannan ita ce sana'ar da ta riƙe, domin a zamaninta tanis ba ya kawo kuɗi.

A makaranta ta fara buga tanis, kuma ba ta da wani mai horarwa na musamman, da kanta ta koya. Duk da haka ta lashe gasar 'yan mata 'yan makaranta ta jihar New South Wales shekara huɗu a jere, daga 1917 zuwa 1920. Ƙungiyar da take wasa ita ce ta Western Suburbs, wadda ke da filayenta a Pratten Park cikin Ashfield. A can ta riƙa atisaye da maza ƙwararru irin su J. O. Anderson, Norman Peach da Jack Crawford. Babbar nasararta ta farko a tsakanin manya ita ce gasar gundumar Cumberland a 1923.

Tanis ɗin mata a zamaninta

An fara gasar tanis ta Ostireliya a 1905, amma ta maza ce zalla har tsawon shekara 17. Sai a 1922 aka buɗe wa mata ƙofa. Wannan ya zo a makare idan aka kwatanta da Wimbledon, inda mata suka fara fafatawa a 1884, da kuma gasar Amurka, inda suka fara a 1887. Margaret Molesworth, 'yar jihar Queensland, ita ce ta lashe gasar mata ta farko a 1922, ta kuma maimaita a 1923. Sylvia Lance ta ɗauka a 1924. Har zuwa 1926 sunan gasar yana haɗa Ostireliya da maƙwabciyarta New Zealand, a 1927 ne aka mayar da ita gasar Ostireliya kaɗai. Sunan Australian Open ya zo ne a 1969.

A wancan lokaci gasar ba ta da mazauni ɗaya. Kowace shekara ana kai ta wani birni, yau Sydney, gobe Adelaide, jibi Melbourne ko Brisbane. A kan filin ciyawa ake bugawa, da raket na katako, mata kuma suna sanye da fararen riguna masu tsawo da safa. Galibi ana yin gasar a farkon shekara, wato lokacin da ake hunturu a ƙasar Hausa, a can kuwa tsakiyar zafi ne.

'Yan wasan duk masu yi ne don sha'awa. Doka ta hana a biya su lada ko kyautar kuɗi, wanda kuma ya karɓi kuɗi don wasa an haramta masa shiga manyan gasanni. Ba a janye wannan doka ba sai a 1968. Saboda haka kowane ɗan wasa yana da sana'arsa ta daban, ko kuma yana da gidan da zai ɗauki nauyinsa.

Babbar matsalar 'yan wasan Ostireliya ita ce nisa. Ba a fara jigilar fasinja ta jirgin sama tsakaninta da Turai ba, tafiya ta jirgin ruwa kuwa tana cin kusan mako shida. Saboda haka manyan 'yan wasan mata na wancan zamani, Suzanne Lenglen ta Faransa da Helen Wills ta Amurka, ba su taɓa zuwa gasar Ostireliya ba. Duk matan da suka lashe gasar daga 1922 zuwa 1934 'yan ƙasa ne. Baƙuwar farko da ta ɗauke kambun ita ce Dorothy Round ta Ingila a 1935. Macen da take son sanin matsayinta a duniya dole ta shiga jirgin ruwa ta bi sauran zakaru inda suke.

Yadda ake ƙirga sakamako

Karawar tanis ta mata turmi uku ce, kamar yadda ake yi a dambe, wadda ta fara cin turmi biyu ita ce ta yi nasara. Kowane turmi yana ƙunshe da ƙananan wasanni, kuma ana cin turmi ne idan mutum ya kai wasanni shida tare da ba abokin karawarsa tazarar biyu. Idan aka rubuta 6–3, ma'anarsa wadda aka fara ambata ta ci ƙananan wasanni shida, ɗayar ta ci uku. A zamanin Akhurst ba a ƙirƙiro wasan raba gardama da ake yi yanzu in an yi kunnen doki a shida da shida ba, wanda manyan gasanni suka fara amfani da shi a 1970. Don haka turmi yakan ci gaba har sai an sami tazarar biyu, shi ya sa ake ganin sakamako irin 8–6 ko 10–8.

Rukunin wasa uku ne mace za ta iya shiga: ɗaya-da-ɗaya, bibbiyu na mata, da bibbiyu na gauraye, inda mace da namiji suke haɗuwa su fuskanci wasu mace da namiji.

Tarihin wasanta

1924 zuwa 1926

A gasar 1924 da aka yi a Melbourne, Akhurst ta tsaya a wasan kusa da na ƙarshe a ɗaya-da-ɗaya, amma ta koma gida da kambu biyu. Ta ci bibbiyu na mata tare da Sylvia Lance, ta kuma ci na gauraye tare da Jim Willard.

A 1925 gasar ta zo garinsu, Sydney. A wasan ƙarshe ta haɗu da Esna Boyd ta Melbourne, wadda ta girme ta kuma ta fi ta gogewa. Boyd ta ɗauke turmin farko cikin sauƙi da 6–1. Akhurst ta ƙwato na biyu da 8–6, ta ci na uku da 6–4. A jimilla Boyd ta ci ƙananan wasanni 16, ita kuma 15, amma ita ce ta ci turmi biyun da ake buƙata. Tana da shekara 21 a lokacin. A wannan gasa ta sake cin bibbiyu na mata tare da Sylvia, wadda ta yi aure ta koma Sylvia Harper, da na gauraye tare da Willard. Wannan shi ne karo na farko da ta tattara kambu uku a gasa ɗaya.

A 1926 a Adelaide ta sake doke Boyd a wasan ƙarshe, wannan karon ba tare da wahala ba, da 6–1, 6–3. Sai dai Boyd ta rama a sauran rukunan biyu. Ita da Meryl O'Hara Wood sun doke Akhurst da Marjorie Cox a bibbiyu na mata, sannan ita da Jack Hawkes suka doke Akhurst da Willard a na gauraye. Waɗannan biyun su ne kaɗai wasannin ƙarshe da Akhurst ta taɓa faɗuwa a gasar ƙasarta.

Tafiyar farko zuwa Turai, 1925

A 1925 aka tura tawagar mata 'yan tanis ta Ostireliya zuwa ƙasashen waje a karo na farko. Mata huɗu ne: Akhurst, Esna Boyd, Sylvia Harper da Floris St George. Sun yi nasara a kan tawagogin Wales, Scotland, Ireland da Holan, amma Ingila da Amurka sun fi ƙarfinsu.

A Wimbledon babu wanda ya sa Akhurst a lissafi, domin ba a san ta ba. Sai ga shi ta kai zagayen 'yan takwas, inda ta haɗu da Joan Fry ta Ingila. Ta ci turmin farko da 6–2, sannan Fry ta ci biyun da suka biyo baya da 6–4 da 6–3. Fry ta wuce har wasan ƙarshe, a can Suzanne Lenglen ta lallasa ta da 6–2, 6–0. Wannan sakamako ya nuna abu biyu: 'yar Sydney ɗin za ta iya tsayawa da manyan 'yan wasan Ingila, amma har yanzu akwai tazara tsakaninta da ƙololuwa.

1927 da 1928

Kambun 1927 ya tafi ga Esna Boyd, wadda ta doke Sylvia Harper a Melbourne. Kafin wannan nasara Boyd ta faɗi wasan ƙarshe sau biyar a jere, daga 1922 zuwa 1926: biyu a hannun Molesworth, ɗaya a hannun Lance, biyu a hannun Akhurst.

A farkon 1928 Akhurst ta karɓe kambunta a Sydney, ta doke Boyd a karo na uku da 7–5, 6–2. A bibbiyu na mata kuwa su biyun suka haɗa kai suka ci. A wannan shekara wasu 'yan wasan Faransa maza sun yi doguwar tafiyar zuwa Ostireliya, cikinsu har da Jean Borotra, ɗaya daga cikin zakarun duniya na lokacin. Akhurst ta yi wasan gauraye tare da shi suka ɗauki kambun. Wannan ya ba ta kambu uku a gasa ɗaya a karo na biyu.

Tafiya ta biyu zuwa Turai, 1928

Shekarar 1928 ita ce shekarar da tauraronta ya fi haskawa. An sake tura tawagar mata huɗu, wato Akhurst, Boyd, Louie Bickerton da Meryl O'Hara Wood. Tawagar ta yi karawa 13 da wasu tawagogi a wannan tafiya, ta ci duka.

A gasar Faransa da ke Faris, wadda ake bugawa a kan jar ƙasa, Akhurst ta kai zagayen 'yan takwas, duk da cewa a kan ciyawa ta saba wasa. A Wimbledon ta yi nisa a rukunai uku duka. A ɗaya-da-ɗaya ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Lilí Álvarez ta Sifaniya ta fitar da ita da 6–3, 6–0. A bibbiyu na mata ita da Boyd sun tsaya a mataki ɗaya. A na gauraye kuwa ta kai wasan ƙarshe tare da Jack Crawford, abokin atisayenta na Sydney, wanda yake da shekara 20 a lokacin. Elizabeth Ryan ta Amurka da Patrick Spence na Afirka ta Kudu suka doke su da 7–5, 6–4. A wannan shekara babu namiji ɗan Ostireliya da ya kai inda ta kai a wasan ɗaya-da-ɗaya na Wimbledon.

Daga Ingila ta wuce Jamus, ta lashe gasar ƙasar a birnin Hamburg, bayan ta doke Cilly Aussem, 'yar gida, a wasan ƙarshe. Aussem ita ce ta zo ta lashe gasar Faransa da ta Wimbledon a 1931, abin da ya ƙara wa wannan nasara daraja.

A lokacin babu jerin matsayi na hukuma irin na yau da kwamfuta take lissafawa. Marubuta wasanni ne suke fitar da nasu a ƙarshen shekara, kuma wanda aka fi yarda da shi shi ne na A. Wallis Myers na jaridar Daily Telegraph ta Landan. A jerinsa na 1928 Helen Wills ce ta ɗaya, Lilí Álvarez ta biyu, Daphne Akhurst ta uku.

1929 zuwa 1931

A 1929 a Adelaide ta fuskanci ƙawarta Louie Bickerton a wasan ƙarshe, ta ci da 6–1, 5–7, 6–2. Su biyun suka ci bibbiyu na mata, sannan ta ci na gauraye tare da Edgar Moon. Karo na uku ke nan da ta kwashe kambu uku a gasa ɗaya.

Wasan ƙarshe na 1930 a Melbourne shi ne mafi tsawo a cikin biyar ɗin da ta buga. Ta kara da Sylvia Harper, tsohuwar abokiyar wasanta, aka tashi 10–8, 2–6, 7–5. An buga ƙananan wasanni 38, kowaccensu ta ci 19. Wannan shi ne kambunta na biyar a ɗaya-da-ɗaya, na uku kuma a jere. Makonni kaɗan bayan nan ta yi aure, ta ja baya daga manyan gasanni. A 1931, da gasar ta dawo Sydney, ta shiga bibbiyu na mata tare da Bickerton suka ci. Shi ne kambunta na 14 kuma na ƙarshe.

Salon wasanta

An san Akhurst da natsuwa da rashin yawan kuskure. Ba ta dogara da ƙarfin bugu ba. Takan tsaya a bayan fili ta riƙa mayar da ƙwallo, tana juya abokiyar karawarta dama da hagu har sai ta gaji ko ta yi kure. Irin wannan salo yana buƙatar saurin ƙafa da juriya, kuma sakamakon wasanninta ya tabbatar da tana da su. Uku daga cikin wasannin ƙarshe biyar da ta ci sun kai turmi na uku, kuma a kowannensu ita ce ta ci turmin yanke hukunci. Masu rubuta tarihinta suna danganta wannan daidaito da atisayen da ta riƙa yi da maza masu bugu da ƙarfi a Pratten Park. Waɗanda suka yi zamani da ita sun siffanta ta da kunya da rashin girman kai.

Nasarorinta a wasan bibbiyu sun nuna tana iya sajewa da kowane abokin wasa. Kambunta tara na bibbiyu ta same su ne tare da mutum shida daban-daban: Sylvia Lance, Esna Boyd, Louie Bickerton, Jim Willard, Jean Borotra da Edgar Moon. Matan ukun kuwa su ne dai waɗanda ta doke a wasannin ƙarshe na ɗaya-da-ɗaya.

Aure da rasuwa

A ranar 26 ga Fabrairu, 1930, ta auri Royston Stuckey Cozens, mai masana'antar taba, a cocin St Philip da ke Sydney. Sun haifi ɗa namiji guda. Bayan aure ta ci gaba da buga ƙananan gasanni na cikin gari, yawanci tare da Louie Bickerton.

Ta rasu a Sydney ranar 9 ga Janairu, 1933, tana da shekara 29, sanadiyyar cikin da ya zauna a wajen mahaifa. Wannan lalura tana faruwa ne idan ƙwan da aka yi wa baye ya kasa isa mahaifa, ya maƙale a wani wuri, galibi a cikin siririn bututun da ke kai ƙwai mahaifa. Da cikin ya fara girma sai bututun ya fashe, jini ya riƙa zuba a cikin ciki ba tare da an gani daga waje ba. Alamominsa sun haɗa da matsanancin ciwon mara, sau da yawa a gefe ɗaya, ɗigar jini, jiri da suma a watannin farko na ciki.

Likitan Birtaniya Lawson Tait ya yi tiyatar farko da ta ceci mace daga wannan lalura a 1883, amma a zamanin Akhurst da wuya a gane ta kafin bututun ya fashe, domin babu na'urar hoton ciki, ƙarin jini kuma bai wadata ba. A yau ana iya gano ta da wuri ta hanyar hoton ciki da gwajin jini, a yi maganinta da allura ko tiyata. Duk da haka tana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata a watanni ukun farko na ciki, musamman inda asibiti yake da nisa ko aka yi jinkirin kai mace.

A 1935 mijinta ya auri Louie Bickerton, wadda ta rayu har zuwa 1998.

Kofin tunawa da ita

Bayan rasuwarta ƙungiyar tanis ta jihar New South Wales ta ba da kofin azurfa don tunawa da ita, aka sa masa suna Daphne Akhurst Memorial Cup. An fara miƙa shi a gasar 1934, kuma Joan Hartigan, ita ma 'yar Sydney, ita ce ta fara ɗaga shi bayan ta doke Margaret Molesworth. Kofin maza na wannan gasa kuwa yana ɗauke da sunan Norman Brookes, ɗan Ostireliya na farko da ya lashe Wimbledon, a 1907.

Gasar ta sauya sosai tun daga lokacin. Ta zauna a Melbourne dindindin daga 1972, ta bar ciyawa ta koma fili mai tauri a 1988, kuma tana cikin manyan gasanni huɗu na duniya da ake kira Grand Slam, tare da ta Faransa, Wimbledon da ta Amurka. Kofin dai bai canza suna ba. Cikin waɗanda suka ɗaga shi akwai Margaret Court, Evonne Goolagong, Martina Navratilova, Steffi Graf, Serena Williams da Naomi Osaka. A 2022 Ashleigh Barty ta zama 'yar Ostireliya ta farko da ta ci shi tun bayan Chris O'Neil a 1978.

An sanya Akhurst a zauren girmama gwarzayen tanis na Ostireliya a 2006, sannan a zauren girmamawa na duniya da ke Newport a Amurka a 2013, shekara 80 bayan rasuwarta.

Matsayinta a tarihi

Mata uku ne kawai suka fi ta yawan kambun ɗaya-da-ɗaya a gasar Ostireliya: Margaret Court mai 11, Serena Williams mai 7, da Nancye Wynne Bolton mai 6. Ita ta tara biyar ɗin nata ne a cikin shekara shida, kafin ta cika shekara 27.

Akwai masu ganin bai kamata a auna kambun wancan zamani da na yau da mudu ɗaya ba, tun da 'yan wasan ba su da yawa, kuma duk 'yan gida ne. Wannan magana tana da tushe, domin Akhurst ba ta taɓa fuskantar Wills ko Lenglen a gasar ƙasarta ba. Masu kare ta kuwa suna nuna abin da ta yi a waje. Sau biyu kawai ta buga Wimbledon, ta kai zagayen 'yan takwas a zuwan farko, ta kai na 'yan huɗu a na biyu, ta kuma ci gasar Jamus a hannun wadda za ta zama zakarar Wimbledon. Matsayi na uku a duniya ma wani marubuci ɗan Ingila ne ya ba ta.

Tafiye-tafiyen 1925 da 1928 sun share hanya ga matan da suka biyo baya. Joan Hartigan ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Wimbledon a 1934 da 1935. Sai a 1963 wata 'yar Ostireliya ta lashe kambun ɗaya-da-ɗaya na Wimbledon, wato Margaret Smith, wadda daga baya ta zama Margaret Court, shekara 35 bayan Akhurst ta tsaya taki biyu kafin kofin.

Wasannin ƙarshe a gasar Ostireliya

Ɗaya-da-ɗaya, nasara 5:
1925, Sydney: ta doke Esna Boyd, 1–6, 8–6, 6–4
1926, Adelaide: ta doke Esna Boyd, 6–1, 6–3
1928, Sydney: ta doke Esna Boyd, 7–5, 6–2
1929, Adelaide: ta doke Louie Bickerton, 6–1, 5–7, 6–2
1930, Melbourne: ta doke Sylvia Harper, 10–8, 2–6, 7–5

Bibbiyu na mata, nasara 5, faɗuwa 1:
1924 da 1925: nasara tare da Sylvia Lance Harper
1926: faɗuwa tare da Marjorie Cox
1928: nasara tare da Esna Boyd
1929 da 1931: nasara tare da Louie Bickerton

Bibbiyu na gauraye, nasara 4, faɗuwa 1:
1924 da 1925: nasara tare da Jim Willard
1926: faɗuwa tare da Jim Willard
1928: nasara tare da Jean Borotra
1929: nasara tare da Edgar Moon

Duba kuma

Australian Open
Gasar Wimbledon
Margaret Molesworth
Esna Boyd
Margaret Court